Rabin Nauyinki Kike Ba Ni

Zuwa ga sanyin idona, inuwata in rana ta take, kurciyata mai taka ƙasa kamar tana lallashinta,

Ina gaishe ki da dukan ƙaunar da kika sani, amma ba zan ɓoye miki ba, da haushi na ɗauki biron nan. Sati uku ke nan kina yaudarata a gaban madubin ɗakin rawa, kina tsammanin ban gane ba.

Kin tuna ranar da Malama mai koya mana rawa ta fara haɗa mu? Ta ce ki juya min baya, ki saki jiki ki faɗo, ni kuma in tare ki. Ko waiwaye ba ki yi ba! Kika taho gaba ɗayanki kamar reshen da 'ya'ya suka rinjaya, nauyinki ya sauka a damtsena, ya bi ta ƙuguna, ya gangara ƙafata ta dama har cikin katakon daɓe. A ranar na san ina sonki, don ba a taɓa yarda da ni haka ba.

Na san laifina. Ran nan na riga kiɗa da taku ɗaya, na mayar da nauyina ƙafar hagu kafin lokaci, kika faɗo inda ba na nan, gwiwar hannunki ta daki katako. Na ba ki haƙuri har bakina ya bushe, kika ce ya wuce. Ya wuce ina, hasken raina? Bakinki ne ya yafe, ƙafarki ba ta yafe ba.

Yanzu kina karkatowa kamar da, kina murmushi kamar da, amma rabin nauyinki kin ɓoye shi a ƙafar baya, yatsunki sun damƙe ƙasa, cikinki a ɗaure tamau. Mai ganga bai lura ba, abokan rawarmu ba su lura ba. To hannuna fa, shi ma za ki ruɗe shi? Ina tararki kamar rigar da iska ta ciro daga igiyar shanya. Wasu samarin yabon 'yan matansu suke yi da rashin nauyi, ni kaɗai ne sakaran da ke kuka don tasa ta yi masa sakayau.

Malama kuwa ta gani. Jiya ta ce in ba mu gyara ba zuwa Alhamis, da Dogo za ta haɗa ki. Dogo fa! Mutumin da ko lanƙwasa gwiwa bai iya ba? Tun da na ji abinci ya daina yi min daɗi. Kullum da safe ina riga kowa zuwa, ina maimaita takun nan da buhun yashi har cinyoyina su yi rawa. Buhun dai ya yarda da ni, saura ke.

Don Allah, farin watana, ranar Alhamis ki faɗo duka. Za ki tarar da ƙafata ta dama a kafe, gwiwa a lanƙwashe, ba za ta gusa ba sai na ji ki a jikina. In kuwa ba za ki iya ba, ki daina yi min murmushin nan. Ki tsaya a kan ƙafafunki biyu, ki dube ni ki gaya min. Wannan zan iya ɗauka, rabin nan ne ya fi ƙarfina.

Naki, wanda zai tsaya a bayanki da hannu a buɗe, ko kin faɗo ko ba ki faɗo ba, har ranar da ƙafafunsa za su daina ɗaukarsa.