Takardar da Aka Manna wa Keji Na Huɗu

Inna Hibo, ki taimaka, ki amsa kafin Talata don girman Allah.

Ni ne Babban Likitan Kifi na duk gaɓar arewacin Norway. Digirina uku, minista ma sai ya jira a waje kafin ya gan ni. Ba don kaina na rubuto ba, wani yaro ne ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Wankin raga yake yi a wata gonar kifi cikin teku. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi a garinsu Burco, amma kansa na ja. A bangon ɗakin shan kofi akwai jerin kalmomin kimiyya, Turanci a hagu, yaren Norway a dama: cututtuka, ƙwarƙwatar kifi, iskar cikin ruwa, dattin ƙasan teku. Sun fi ɗari biyu. Wata guda ya haddace su tas, yana rerawa yana wanki. Ma'anar goma bai sani ba. Tsoho Oddvar, mai kula da kejunan ragar da kifin ke ciki, kullum sai ya ce masa Farfesa, a rufe wa'azi a ɗauko tiyo. Shi kuwa Oddvar kifin keji na huɗu yake kira 'yan matana, har gaisuwa yake musu da safe.

Likitarmu, wato ƙaramar likitar da ke ƙarƙashina, Torunn, in ta duba kifi takan manna 'yar takarda rawaya a allon aiki. Ranar Laraba ta duba, ta wuce hutun Ista bukkarta ta kan dutse, inda waya ba ta kamawa. Sai na ɗauki takardarta, ina nufin ya ɗauka, ya kwaikwayi hannunta, ya zaɓi sunan da ya fi tsawo a bangon ya rubuta da harsunan biyu, ya ƙara: keji na huɗu, ya manna a allon. So yake Oddvar ya zaro ido, a yi dariya, shi ke nan.

Ashe cutar da ke ƙarar da jinin kifi ce, wadda doka ta ce a sanar da hukuma nan take. Kin san mutanen nan, abin da aka rubuta ba sa tambayar ko wasa ne. Oddvar ya karanta, ya cire hula, ya ɗaga waya ya kira hukuma. An hana jiragenmu fita. Jirgin da ya zo ɗaukar kifi ya juya. Ana maganar in ta tabbata za a hallaka kifi dubu ɗari biyu. Kwana uku Oddvar yana mayar da burodinsa gida bai ci ba. Jiya ya dafa kafaɗata ya ce Farfesa, in kana da addu'a ka yi wa 'yan matan.

Na gaji, Inna. Babu likita, babu digiri. Ni ne mai tiyon. Takardar zamana ta shekara guda ce, kuma Talata Torunn za ta sauko ta ga hannunta a kan abin da ba ta rubuta ba. In yi shiru ko in gudu wurin kawuna a Oslo?

Farfesan Wanki

*

Ɗana Farfesa,

Tun daga ministan da ke jira a waje na gane ka, don haka ajiye rigar aro mu yi magana.

Ban ga mugunta a zuciyarka ba, kuma wanda ake tsokana kullum yakan so ya rama. Amma ka sa hannun wata a kan ƙarya, a wurin da aiki duka ya dogara da cewa takarda ba ta ƙarya. Oddvar bai yi wauta ba, aikinsa ya yi.

Kada ka gudu, kada ka jira Talata. Iya sanina sai an gwada kifi ake yanke hukunci, amma kowace ranar shirunka asara ce ga mutane, kuma abin da aka gano ya fi abin da aka furta nauyi. Gobe da safe ka fara da Oddvar, kai da shi, ba dariya. Daga nan ku je wurin shugaban gonar tare da wakilin ƙungiyar ma'aikata, wakilin zai nuna maka inda za ka tambayi batun takardarka. Ba zan ce aikin zai tsira ba. Mai yiwuwa ne, mai yiwuwa a'a.

In ƙura ta lafa, ka nemi gafarar Torunn, ka roƙe ta ta koya maka ma'anar kalma biyar duk mako. Malaminka na allo ma ai ya gaya maka hadda farkon karatu ce.

Allah ya ba ka ƙarfin hali. Ka je ka bar tsohon nan ya ci burodinsa.

Inna Hibo