Takardar Likitan da Na Karanta Maka a Jirgin Catford

Zuwa ga aminina Ming, a duk garin da wannan takarda ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ci a hannunka. Ni ne Isyaku, dogon nan mai hula da ya yi haya a saman shagon abincinku a Catford, shekarun da kuɗin mai suka haukata ƙasarmu. In sunan bai tuna maka komai ba, to ni ne wanda ya zauna yana koya maka Turanci alhali nasa ma bai cika mudu ba.

Ka san sana'ata, amma ba ka san gindinta ba. A Kano dillalin atamfa ne ni, da aji uku na sakandare a ka. Da na zo London sai na tarar alhazanmu na sauka kowane mako, aljihu cike, baki babu Turanci. Ni ke kai su kantuna, ni ke kai su wurin likitocin Marylebone, in tsaya tsakani in yi tafinta. Tafintan kasuwa kuwa ba ya kai magana yadda ya ɗauko ta. In mai kaya ya ce, “Wannan mutumin ɓarawo ne,” sai in juya in ce wa mai saye, “Ya ce ka ɗan ƙara.” Kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Haka aka raine ni, ban kuma taɓa ɗaukar sa a kan ƙarya ba.

Kai kuwa kana soya shinkafa a shagon mahaifinka, wanda ni nake kira Tsoho, kana shirin jarrabawar Turanci don a ɗauke ka makarantar gyaran rediyo. Tsakanin ƙarfe uku da biyar, in kun rufe shago kafin cinikin yamma, sai ka kife akwatin albasa ka zauna, ka buɗe littafin nan mai gajerun labarai da tambayoyi goma a ƙarƙashin kowanne. Labarin mai gadin fitilar teku. Labarin wata mata da ta manta lema a bas. Ladana kifi da shinkafa, a kaskon da ka ware mini saboda na ce ba na son abin da ya taɓa alade. Har ɗaurin jan zare ka yi masa a mariƙi.

Na so in koya maka karatu irin na 'yan kasuwa. Na ce kada ka wahalar da kanka da labarin, fara da tambayoyin, sannan ka shiga ka tsinto amsa ka fito, yadda ake shiga kasuwa a sayo gishiri ba tare da an gaisa da kowace rumfa ba. Sai ka girgiza kai. Kai sai ka bi kalma ɗaya bayan ɗaya, ƙamus a cinya, ka zana rubutunku ƙanana da fensir a saman kowace. Ka juya labarin duka zuwa harshenku, ka rufe littafi, ka sake juyo shi Turanci, sannan ka gwada ka ga abin da ya zube a hanya. Shafi guda, kwana biyu. Nakan yi maka dariya in ce kafin ka gama da matar nan mai lema, damina ta wuce. Abin da kake cewa kullum guda ne: “In ban san duka ba, ban sani ba.”

A hunturun shekara ta biyu ne tarin Tsoho ya ƙi tsayawa. Ya rame har ɗamarar girkinsa tana zagaye shi sau biyu. Ba ya jin Turanci ko kalma, amma ka sha gaya mini burinsa guda ne: kada a binne shi a ƙasar sanyi, a kai shi ƙauyenku a bayan Hong Kong, kusa da kabarin mahaifiyarka.

Ni na kawo shawarar Marylebone, ina taƙama na san likitan da ke duba manyan ƙasarmu. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, ni da kai kaɗai, likitan ya yi ta magana cikin hanci kana bin bakinsa da ido. Sai ka roƙe shi ya rubuta, don idonka ya fi kunnenka jin Turanci. Ya rubuta shafi guda da rabi, rubutu irin nasu.

Muna shiga jirgin ƙasa a tashar Charing Cross ka miƙo mini. Na karanta sau biyu kafin mu ƙetare kogi. Ciwon daji ne a huhu, ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. Abin da ya rage makonni ne. In iyali na da niyyar tafiya da shi gida, su yi yanzu tun jiki na iya ɗaukar jirgin sama.

Na ɗago na ga fuskarka, Ming, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce da sauƙi. Na ce huhun ya ɗan taɓu, ana son hutu da abinci mai kyau, in rani ya shigo ma zai iya ziyartar gida. A wurinmu mutum na shure-shuren mutuwa, in ka tambayi 'yan'uwansa, da sauƙi za su ce maka. Ba a jefa wa mutum irin wannan labari a cikin jirgi, a gaban Turawa masu karanta jarida. Akan nemi dattijo, a zauna, a bi da shi a hankali. Na ce a raina gobe zan san yadda zan yi. Goben ta zo da wasu alhazai uku masu neman labule da firiji, jibi kuma na ga Tsoho ya sha romo har ya yi murmushi, sai na ce ƙila ma likitan ne ya zuzuta abin.

Ka yi mini godiya, ka ninke takardar ka sa a aljihu. Ban kawo a raina cewa za ka yi mata abin da kake yi wa kowace takarda ba.

Kwana tara ta ɗauke ka. Rubutun likita ba na littafin makaranta ba ne, rabin kalmomin ma babu su a ƙaramin ƙamus ɗinka, sai da ka yi ta zuwa laburare. Ni kuwa ina saukowa da la'asar in ga ka duƙufa a kan akwatin albasa, in ce sannu da ƙoƙari, in wuce.

Rana ta tara ka hawo bene, abin da ba ka taɓa yi ba. Ka shimfiɗa takardar a kan gadona, kowane layi da fensir a samansa, ba sauran fili. Ba ka ɗaga murya ba. Ka sa yatsa a kan layin tafiya gida, ka dube ni.

Na soma yi maka bayanin al'adarmu, da yake baki bai taɓa ƙare mini ba. Ka bari na gama tsaf, sannan ka ja ni ƙasa. Tsoho na zaune kusa da murhu cikin bargo. Ka durƙusa ka yi masa magana da harshenku, takardar a hannunka kamar kana karantowa, har ya yi dariya ya dafa kanka. Da muka fito na tambaye ka me ka ce masa. Ka ce ka gaya masa likita ya ce da sauƙi, iskar gida kawai yake buƙata.

Na buɗe baki zan ce to ai ga shi, ashe duk ɗaya muke. Sai ka riga ni. Ka ce, “Shi, e. Ni, a'a. Ni ne mai sayen tikiti.”

Na yi dillanci shekara arba'in bayan wannan, ba wanda ya taɓa ɗaure ni da magana kamar haka.

Ni na kama muku gurbi a jirgin sama, na yi ta zirga-zirga har aka samu takardar da ta yarda ya hau jirgi, don a kwanakin nan tara ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. A keken marasa lafiya aka tura shi. Jarrabawarka saura mako biyu, ka bar ta. Ka bar mini littafin a kan matakala. A filin jirgi ka ba ni hannu, ban kuwa iya karanta abin da ke cikin wannan musafaha ba. Ɗan'uwanku da ya karɓi shagon ba ya jin Turanci, ni kuma kafin shekara ta zagayo na tattara na koma Kano.

Don haka ban sani ba, Ming. Ban san ko ya ga ƙauyen da idonsa ba, ko kuwa a hanya abin ya faru. Daga filin jirginku zuwa can ka ce mini akwai mota, akwai kwalekwale. Na sha lissafa wannan tafiya a kaina, wani lokaci ya isa, wani lokaci kwana taran nan su tare shi a bakin ruwa.

Da Hausa na rubuto maka da gangan, don ban yarda da kaina a Turanci ba. Yanzu 'ya'yanmu sun cika kasuwannin ƙasarku suna sayen waya da takalma. Ka tare ɗaya ya fassara maka. Zai so ya gyara ni, ya ce tsohon yana gaishe ka ne kawai, yana tuna zumunci. Kada ka yarda. Ka sa shi ya bi ta layi layi, har wurin da na ce na yi maka ƙarya, ina kuma neman gafararka. In za ka ba ni amsa, ka ba ni ita yadda take. Zan iya ɗauka.

Allah Ya ba ka lafiya da tsufa mai kyau, Ya sa naka su tsaya maka yadda ka tsaya wa naka. Ni kuma Ya yafe mini abin da harshena ya rage.

Naka har kullum,
Isyaku na saman bene.