Ɗan Farin da Ba a Ƙirgawa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar masu rai ga waɗanda suka riga mu, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na rubuto ne in ba ki labarin da zai sa ki yi dariyar nan taki ta gefen baki: masana sun gano abin da kika sani.

Sun yi taruka a ƙasashe, sun sha shayi, sun yanke cewa ba a auna ma'aikacin lafiya da haddarsa, sai da abin da ya iya yi a gaban majinyaci. Har suna suka raɗa wa tsarin, mai tsawon gaske. Ke da kika tsufa kina karɓar haihuwa a Wagini, a taƙaice kike faɗarsa: takarda ba ta yanke cibiya.

Kin tuna shekarar da na dawo daga jami'a, ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro allura? A asibitin Karare na tambayi wata mai ciki haihuwarta nawa. Ta ce biyu, na rubuta biyu. Da na ba ki labari kika ce uku ne, wace mai kunya ce ke ƙirga ɗan fari da bakinta? Na koma na bincika. Uku ne, kuma a na farin ne ta yi zubar jinin da ya kusa kai ta. Babu littafin da ya gaya mini.

Yanzu ni ke koyar da masu aikin lafiya. Cikin ɗalibaina akwai Rabi, 'yar makiyaya daga Babban Duhu. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar rubutu, don Turanci ya ƙi ta, ita ma ta ƙi shi. Saura mata dama ɗaya. In ta faɗi sai gida, ƙauyensu kuma ya ci gaba da ɗora masu naƙuda a babur zuwa asibiti.

Bana aka kawo sabon tsarin. A Safana aka yi gwajin, da masu awon ciki na gaske. Wani likita daga birni ya zauna da takardar dubawa da agogo, ni kuma aka hana ni ko tari.

Aka shigo da wata matashiya, gwaggonta na biye. Rabi ta tambaye ta haihuwa nawa, ta ce ɗaya, idonta a ƙasa. Likita ya sa alama, an cika layi.

Rabi ba ta rubuta ba. Ta ajiye biro, ta nufi wurin gwaggon, ta durƙusa ta shiga gaisuwa: gida, shanu, damina. Likita yana duba agogo kamar zai cinye shi. Sai can ta yi ƙasa da murya ta tambayi lafiyar wanda ke hannun kaka.

Inna, ashe akwai ɗan fari. Shekararsa huɗu, kuma ranar haihuwarsa uwar ta yi jijjiga. Rabi ta dawo ta sake auna jininta, ta same shi ya hau, ta rubuta mata takardar zuwa babban asibiti a ranar.

Likitan ya daɗe yana kallon takardarsa. Ya nemi bayani, na yi masa, cikin ladabin da ke da ɗan yaji. Da hannunsa ya ƙara layi a ƙasa: a tambayi ɗan fari daban, a bakin wani. Rabi ta ci jarrabawa. Matar ta sauka lafiya, mace aka samu.

Ni ce ta farinki. Mu shida ne, amma duk wanda ya tambaye ki sai ki ce biyar. Har kika koma ga Allah ban ji sunana a bakinki ba, "waccan" kike cewa. Ina ƙarama abin yana ci mini rai. Sai bayan rasuwarki na ga digirina a ƙasan akwatinki, naɗe cikin zanen aurenki, ke da kika ce ba ya yanke cibiya.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa hannuwan nan da suka tarbi rabin Wagini su karɓi littafinsu da dama, ya haɗa mu a Aljanna.

Taki har kullum,
Waccan.