Rufin Aji Huɗu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Wasiƙa ta bakwai kan rufin aji huɗu. Tun bara iska ya kwashe shi. Yara tis'in da huɗu a gindin dogon yaro, ga damina a bakin ƙofa. Shekara tara ina hedimasta a Unguwar Rogo, ban taɓa rubuta Turanci mai daɗin na yau ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na je ofishin ilimi. Malam Hashim, mai karɓar takardu, ya yi mini bayani. Wai akwai kuɗinmu a Abuja, amma ba su fitowa sai jiha ta aza nata. Ta aza. To amma na bana na "sabon aiki" ne, rufinmu kuwa "gyara" ne. Na ce ina na gyaran? Ya ce yana cikin kasafin bara. Na ce ina na bara? Ya ce ai bara ta wuce.

Talata, 21 ga Mayu
Mota ta shigo da siminti da ƙarafa. Na sa yara sunka yi tafi. Ashe get za a gina mana.

Makarantar ba ta da katanga.

Litinin, 3 ga Yuni
An gama get, kore shar, har da kwaɗo. Ni kaɗai ke bi ta cikinsa, don mutuncin gwamnati. Yara da awaki ta gefe suke wucewa.

Laraba, 5 ga Yuni
Ruwan farko. Mun cusa 'yan aji huɗu cikin aji biyar, wata yarinya ta suma don zafi. Ban ci abincin rana ba.

Da la'asar sai ga Hajiya Balaraba mai masa, shugabar kwamitin iyaye. Wai in nuna mata takardar kasafi. Na ce Hajiya, Turanci ne, mai lauje-lauje. Ta ce, "Malam, kai da ka iya shi, mi yab ba ka? Ƙohwa babu ɗaki." Na karanta mata, don dai ta tafi. Ta sa na maimaita wani layi sau uku, inda anka ce ana ware wani abu don gaggawa. Ni ban taɓa kai wa shafin nan ba. Wannan tsakanina da littafin nan.

Talata, 11 ga Yuni
Hajiya ta kwashi mata goma sha ɗaya zuwa ofishin ilimi, ta ce in zo in yi tafinta. Da tandarta ta tafi! Ta hura wuta a bakin ƙofa, wai ba ta asarar ciniki don jiran manya. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Malam Hashim ya fito zai kore su, ya ƙare da masa biyar a hannu. Da shugaban ofis ya iso, ta ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyanmu na karatu cikin ruwa awa agwagi. In wanga ba gaggawa ba ne, hwaɗa muna wadda ta hi ta." Ban ma yi tafintar ba. Ashe yana jin Hausa, a takarda ne kawai ba ya ji.

Litinin, 24 ga Yuni
Shiru. Na faɗa wa Hafsat, uwargidana, dama na san masa ba ta rufa ɗaki.

Talata, 2 ga Yuli
Kwano ya iso, da kafinta. Hafsat kallona kawai take yi tana murmushi. Wasiƙu bakwai ai su ma sun share hanya.

Juma'a, 12 ga Yuli
Gobe taron iyaye, kan abin da za mu nema baɗi. Na fassara takardar kasafin duka da Hausa, shafi goma sha huɗu, ba wanda ya sa ni. Na ce a kai kujerata gaban tebur a ajiye wa Hajiya, ni zan zauna a benci.

Don gwiwarta ne kawai. Tana ciwo.