Ƙirjin Direban Motar Yara

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar Inna? Ka ce mata kada ta ɗaga hankalinta.

An sallame ni daga asibiti. Ciwon huhun nan ne dai, karo na uku a bana. Na san me za ka ce: tun muna yara ni ne Mai-tari, kai kuwa ko a cikin ruwan sama ka wuni, garau kake. To malam, ba ragwanci ba ne. Kwanakin baya likita ta yi mini allurar rigakafi, yanzu ta ɗebi jinina ta duba, kamar ba a yi ba. Wai ƙwayoyin cutar nan lulluɓe suke da wata riga ta sukari, jinin mutum kuma yana ƙera garkuwar da ke gane rigar ta cafke su. Kowa da irin tasa, har da gado a ciki. Nawa jinin sai ya kalli rigar ya wuce abinsa.

Na tambaye ta yadda uwa ɗaya uba ɗaya za su bambanta haka. Ta ce kowane ɗa da rabon da yake ɗauka. Ashe kai ka kwashe naka, ka haɗa da nawa.

Motar makaranta ce damuwata. Likita ta ce rufaffiyar mota cike da yara masu mura ba wurina ba ne. Ni kuma ban iya komai ba sai ita.

Ƙaninka,
Mai-tari

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Da fatan kowa lafiya.

Saƙonka ya sa ni hawaye. Wai a ɗebi jininka a zuba mini, ko rabi ne. Na kai wa likita maganar. Ta ce naka kaɗai ba zai isa ba, don kai ma akwai rigunan da jininka bai sani ba. Maganin daga jinin dubban mutane ake tace shi, abin da wannan ya rasa wancan ya cike. An sa ni a layi, ba ta san ranar da zai iso kaina ba.

Na koma aiki a ɓoye, kada ka gaya wa Inna. Na ɗaura takunkumin baki da hanci, yara suka yi ta dariya. Na buɗe tagogi, ƙananan suka ce sanyi, na rufe. Wa zai ɗaga ɗan shekara huɗu ya hau matakala bai rungume shi ba? Sati bai cika ba zazzaɓi ya dawo. Uwar 'ya'yana ta ce in na sake taɓa sitiyarin nan, in zaɓa, ko ita ko motar.

Wallahi Yaya, ban san yadda zan yi ba.

Naka,
Mai-tari

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Na miƙa makulli. Shugabar makaranta ta yi haƙuri da ni iya haƙuri, ban ga laifinta ba. Na zagaya da sabon direba, na nuna masa gidan da sai an yi ham sau biyu, da kwanar da ake rage gudu saboda yaron da ke amai.

Jiya zuciya ta ƙi. Na ari ƙaramar motar maƙwabci, na tsaya tsallaken makaranta lokacin tashi, gilashi a rufe, in gan su kawai. Wata 'yar mitsitsiya da nake kira Gimbiya, wadda ba ta sauka sai na riƙe mata jaka, ta hango ni. Ta janyo malamarsu har bakin motar, hancinta na zuba, tana tari. Ta buga gilashin da tafin hannu ta ce, "Baba Direba, buɗe mana."

Hannuna na kan maɓallin sauke gilashin, Yaya. Ban danna ba. Na yi ta ɗaga mata hannu kamar wawa, har malamar ta ja ta, tana tafiya tana waiwaye. Ta ɗauka fushi nake yi da ita.

Ka yi mini addu'a.

Ƙaninka,
Mai-tari