Fanken Madam Halina

Greensboro, 24 Fabrairu 2006

'Yata Saadatou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatu da sanyin Raleigh? Mu nan sai godiya.

Jiya Alhamis maƙwabciyarmu Madam Halina, tsohuwar nan 'yar Poland da ke rage mini hanya zuwa aiki a Wendover, ta kawo mini faranti cike da wani abu kamar fanke, an cusa masa konfitir, wato dafaffen 'ya'yan itace da sukari, a ciki. Ponchki suke kiransa. Wai kafin azuminsu na Kirista sukan ƙarar da ƙwai da sukari da man da ke gida. Na taɓa jin da man alade suke soya shi, har da ɗigon giya a ƙullun. Ban tambaya ba, na mayar mata da abinta a bakin ƙofa. Yau ba ta tsaya mini ba, bas na hau.

Ki ɗauki darasi. Ba duk abin da aka miƙo miki za ki kai baki ba. Ki kula da salla.

Mahaifiyarki,
Fourera

4 Maris 2006

Saadatou,

Bayan gaisuwa, ya jikin naki da mura?

Tun da kika gaya mini a waya cewa ke ce Madam Halina ta tambaya abin da ya halatta gare mu, har ta sayi sabuwar tukunya da man gyaɗa saboda ni, abinci bai yi mini daɗi ba. Me ya hana ki faɗa tun da wuri? Amma laifin nawa ne. Ashe wannan ne karon farko da ta soya ponchki tun rasuwar mijinta.

Jiya Juma'a na ce bari in gyara. Na dafa shinkafa da naman rago, na jira magariba, na kai mata buɗa-baki. Ashe su ba yini suke yi da yunwa ba, nama ne ba sa ci ran Juma'a. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta yi dariya har da hawaye. Ba ta mayar mini ba. Ta sa a firij sai Lahadi, ta ciro ponchki biyu da ta daskarar, ta ɗumama mini. Ita ba ta taɓa ba, ta bar zaƙi sai bayan azumi. Na cinye tana kallona.

Darasin da na ba ki yana nan, sai dai ki ƙara da tambaya kafin ki mayar da hannun mutum.

Litinin za ta tsaya mini ƙarfe bakwai.

Taki har kullum,
Mama