Zobenki a Cikin Ambulan

Zuwa ga Noelene, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, matar da na aura shekara talatin da ɗaya kuma har yau ban ƙoshi da kallonta ba,

Daga ofishin tashar jiragen ruwa ta Luganville nake rubuto miki, rigata duk jinin saniya. Jirgi ya tafi, Noelene! Ya tafi da ke, da 'yarmu Kirra, da jikokinmu biyu, ya bar ni a bakin ruwa baki buɗe. Na san kin sani, ai na hango ki a bene na tara da rigarki mai ruwan ƙwai. Na yi ihu har muryata ta dushe, na ɗaga hula, na yi tsalle da wannan gwiwar tawa mai ciwo. Ba ki ɗaga hannu ba. Kin dube ni, kin juya, kin shige.

Ya hasken safiyata, kin tuna ranar da kika ajiye tikitin jirgin ruwan nan a kan teburin kicin? Sanyi ya fara sauka, raɓa ta daskare a kan ciyawa, ni kuma ina ɗaure takalmi zan fita wajen shanu. Kika ce, "Merv, kwana goma kawai nake roƙo. Kwana goma babu saniya. In ka kasa, to na san matsayina." Na yi dariya na ce wace saniya ce za ta biyo mu tsakiyar teku? Ashe kaina nake yi wa dariya.

Kina da gaskiyar faɗin haka. Ranar da kika haifi Kirra ina gindin wata karsana. Jana'izar mahaifiyarki da taɓo a ƙafa na iso, an riga an rufe kabari. Duk kin haɗiye.

Amma kwana shidan nan fa, zumata? Ba mu ji daɗi ba? Mun baro sanyin Yuli, hunturun ƙasarmu, a baya, na tuɓe rigar sanyi, kin ga fatar hannuna fara fat kin yi ta tsokanata. Da la'asar ɗin da kifaye masu tashi suka yi ta tsallake ruwa, kin jingina kanki a kafaɗata kin ce, "Ashe kana da fuska in ka cire hula." Wallahi a lokacin ji na yi kamar yau na fara ganinki.

Bari in faɗa miki abin da ya faru, ba don in wanke kaina ba. Na sauka ne in sayo miki doguwar riga mai furanni irin ta matan tsibirin nan, wadda kika yaba. Na saya, ga ta nan a leda. A hanyar dawowa na hango wani mutum, Silas, tsugune a gefen titi, saniyarsa kwance tana nishi, ɗan maraƙi ya taho da baya. Na ce wa direba minti biyar. Minti biyar, Noelene! Sau nawa kika ji wannan daga bakina?

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. Na ji ƙahon jirgi. Sau uku ya busa, hannuna na cikin saniya har kafaɗa, na san ƙarfe huɗu da rabi, lokacin komawa jirgi, ta wuce, kuma ban zare hannun ba. Babu wanda ya riƙe ni. Wane irin mutum ne ni? Maraƙin ya rayu, mace ce. Silas ya rungume ni ya ce sunan matata zai sa mata. Na ce ya rufa mini asiri.

A nan tasha wata ma'aikaciya, Leimara, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, kai ne na saniyar? Duk wanda ya makara, nan jirgi ke bar masa fasfonsa. Amma naka da ɗan nauyi." Ta miƙo mini ambulan. Na zazzage shi a tafin hannu: fasfo, maganin hawan jinina, da zobenki na aure.

Zobenki! Wanda ko ranar da aka yi miki tiyata sai da aka yi daru kafin ki cire! Na zauna daɓas a ƙasa. Sai kuma na ga kin rubuta "safe" da "yamma" a jikin maganin da ƙananan haruffanki. Wace irin mace ce za ta cire zobe da hannu ɗaya, ta shirya wa mutum magani da ɗayan? Ya zan yi in rayu babu irinki, inuwata, ruwan shana?

Ba zan ce miki na daina ba, kin sha jin wannan. Abin da na yi shi zan faɗa. Na ari wayar Leimara na kira maƙwabcinmu Col, na ce ya haɗa garkenmu da nasa, ba na kwana goma ba, gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko rana ce ta taɓa mini kai. Leimara ta yi alkawarin wannan takarda za ta riga ki isa Noumea, inda jirginku zai tsaya nan gaba.

Gobe zan hau jirgin sama. Naku sai Asabar da safe zai shigo Brisbane, inda muka taso, ni tun Alhamis ina bakin tashar, cikin sanyi, da riga mai furanni a leda da zobe a aljihun ƙirji. Ki sauko lokacin da kika ga dama. Ki bari kowa ya fita, ki sha shayi, ki sake sha. In kin zo kin wuce ni, ba zan tare ki ba, kuma ba zan bar wurin ba.

Shekara talatin da ɗaya kina jirana, Noelene. Ni ban taɓa jiranki ko sau ɗaya ba. Ki bar ni in gwada.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni,
Merv